Malam Furotin da Igiyar Ango

A Illo, in ka ce kana neman Malam Bunyaminu, sai a tsaya ana kallon juna. In ka ce Malam Furotin, har matan da ke tallar nono za su nuna maka hanya da haɓa: bayan makarantar sakandare, ɗakin ƙarshe a jerin gidajen malamai, inda wani tsohon keke ke jingine. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da bayoloji a makarantar nan. Ɗan gari ne, kowa ya san ubansa da gonar ubansa, amma tun da ya tafi jami'a a Sakkwato ya dawo, mutane suka lura ba yadda suka ba da shi aka maido musu shi ba. Ya tafi lafiya lau, ya dawo da furotin.

Ba wani mugun ciwo ba ne. Yana sallarsa cikin jam'i, ba a rasa shi wurin suna ko jana'iza, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Abin dai, duk inda hira ta faro, ya san lungun da zai bi da ita ta ɓulla inda yake so. A zauna ana maganar albasar bana, ko kifin da ya yi ƙaranci a kogi, in aka yi sakaci aka bar wurin shiru, sai ka ji ya gyara murya: "Ai shi kansa kifin nan..." Nan take za ka ga dattawa sun fara tuna saƙonnin da aka ba su tun shekaranjiya.

Ga abin da ya kama shi, kamar yadda duk wanda ya makara wajen tashi ya sha ji. Naman jikin mutum, da gashinsa, da farcensa, da abin da ke ɗaukar iska cikin jininsa, duk furotin ne. Kowane furotin kuwa doguwar sarƙa ce kamar tasbaha, 'ya'yanta iri ashirin, sunansu amino asid. Muddin sarƙar tana miƙe ba ta tsinana komai, sai ta naɗe kanta. Wani wurin ta murɗe ta yi ta hawa kamar zaren noti, shi ake ce wa murɗin alfa. Wani wurin ta je ta dawo, ta je ta dawo, ta kwanta gefe da gefe kamar saƙar tabarma, ita ce shimfiɗar beta. Daga nan duka ta dunƙule ta ɗauki siffa guda, kuma da siffar nan take aikinta. In Malam ya iso nan sai muryarsa ta yi ƙasa. "Ba wanda ya nuna mata," yakan ce. "Ba hannu, ba ido. Kafin ka ƙifta ta gama, kuma gobe wata irinta haka za ta yi." Sai ya ɗago ya duba wa ya ji, ya tarar saura shi da takalmin wani da ya manta don sauri.

Manhajar jarrabawa layi biyu ta ba wannan magana. Shi mako uku yake ba ta. Ɗalibai suna rubutawa, suna haddacewa, suna zubar da ita a ƙofar ɗakin jarrabawa, su fita su bar masa kayansa.

Da can yana da mai saurare. Matarsa Mashkura takan zauna tana tsince shinkafa a faifai, shi yana bayani, ita tana cewa "to" daidai inda ya kamata. Ko ji take yi, ko tsakuwa take nema, Allah ne ya sani. Sai bayan rasuwarta, yau shekara tara, ya gane irin wannan "to" ɗin ba ko'ina ake samunsa ba. 'Yarsu guda, Hamdiyya, tana aure a Kamba. Kowace Juma'a tana kiransa ta tambaya, "Baba, ka ci abinci?" In ya amsa da "wake," sai ta yi maza ta ce layin ba kyau, don ta san abin da ke bin bayan wake. A makaranta kuwa, mutum ɗaya ce za ta iya gane shi, Madam Yemisi mai koyar da kimiyyar sinadarai, amma tana da 'ya'ya huɗu da shagon kayan masarufi. Ta taɓa ce masa cikin ladabi, "Malam, na ci wannan jarrabawar tun ina budurwa, ka yafe min maimaici."

Haka yake zaune har ranar da igiyar shanyarsa ta tsinke, ya hau keke ya gangara rumfar Ango.

Ango mai tukkar igiya ne, ya ba saba'in baya, rumfarsa tana hanyar gangaren kogi kusa da inda ake ɗaure jakuna ran kasuwa. Malam ya iske shi ya miƙe ƙafa, ya maƙale bakin igiya a babban yatsa, yana murza rama a ƙwauri da tafin hannu. Ya tsaya yana kallon sili biyu suna hawan juna, har ya manta abin da ya kawo shi.

"Baba Ango, ka san akwai irin wanga murɗi cikin jikinka?"

Da wani ne, da tuni ya tashi. To, amma mai tukka ba ya iya gudu, igiyar na ɗaure a ƙafarsa. Ango bai ko ɗago ba, ya ce, "Ina?"

"Cikin gashinka. Cikin ƙahon saniya da kofatonta."

"Gashina ya daɗe da tahiya, sai dai na saniyar." Ya tofa yawu a tafi, ya ƙara murzawa. "To mi ka riƙe shi kar shi warware? Igiya in ba ka kashe bakinta ba, kwana ukku ta koma rama."

Malam Bunyaminu ya jingine keke. Shekara ashirin da bakwai ke nan a lokacin yana jiran wani ɗalibi ya yi masa wannan tambaya. Akwai wani tsohon turmi a kife a gefen rumfar, ya zauna a kai, ya fara bayani a hankali kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi. Ya ce ɗauri ne ƙanana, marasa ƙarfi, amma da yawa: kowane ɗan tasbaha yana riƙe da na huɗu a gabansa, zagaye bayan zagaye. Ya ce zafi na tsinka su, shi ya sa farin ƙwai in ya dahu ya daskare ba ya komawa ruwa.

"Ashe kaza ma mai tukka ta," in ji Ango.

Ranar Malam bai sayi igiya ba. Ya koma gida ya shanya rigunansa a katanga, washegari bayan la'asar ya dawo, ya ce ya manta. Haka ya yi ta mantawa shekara huɗu. Turmin ya zama kujerarsa, har in wani ya zauna a kai Ango kan ce, "Tashi, da mai shi." Ba duk abin da Malam ke faɗa Ango ke yarda da shi ba. Maganar shimfiɗar beta ya ce a kai wa masu saƙar tabarma, shi ba ruwansa da aikin zaune-ka-lissafa. Amma yana tambaya, kuma tambayarsa ta mai sana'a ce: wane gefe ake farawa, in wuri guda ya kwance sauran na bi, in ya naɗe ba daidai ba wa ke warwarewa. Mutanen gari suka samu sauƙi, har wasu suna yi wa Ango addu'a a ɓoye.

Akwai abu guda game da Ango da kowa ya sani kuma ba a faɗa a gabansa. Bahago ne. Yana yaro an ɗaure masa hannun hagu a baya lokacin cin tuwo, an bugi bayan hannun da muciya, har ya koyi ci da dama, gaisuwa da dama, karɓa da bayarwa da dama. Tukka ce kaɗai ta ƙi, hannun hagu ya riƙe abinsa. Saboda haka igiyarsa baya take murɗewa, akasin ta kowa. In ka haɗa ta da ta wani don ƙara tsawon igiyar guga, kowace sai ta yi ta warware 'yar'uwarta. Fulani na saye don ba ta tsinkewa. Amma akwai alhajin da ya taɓa maido masa da igiya ana jibi Sallah, ya ce ba zai ɗaure ragon layya da aikin hagu ba. An cinye ragon, alhajin ya rasu, shekara ashirin ta wuce, Ango bai manta ba.

A shekarar da Malam zai yi ritaya, Madam Yemisi ta shigo ɗakin malamai da takarda. Wata ƙungiyar malaman kimiyya za ta yi baje kolin kayan koyarwa da aka haɗa da abin gida, a Birnin Kebbi, nan da mako shida. "Ga inda za ka yi magana ba wanda ya isa ya tashi," ta ce, ta ajiye masa ita.

Da la'asar ya kai wa Ango takardar da littafi. Ya buɗe hoton murɗin alfa, ya ce irin wannan yake so, amma babba, wanda na bayan aji zai gani. Ango ya kai littafin kusa da hanci, ya nisanta shi, ya sake kusanto shi.

"Ƙulli nawa ga zagaye?"

"Uku da ɗan wani abu. Goma sha takwas a zagaye biyar."

"Ukku da ɗan wani abu. Ko lissahin naku bai cika ba." Ya rufe littafin. "Nemo waya mai kauri, da jan zare, da taɓarya."

Mako uku suka yi. Ango ya lulluɓe wayar da rama mai laushi wadda ya jiƙa ya daka da kansa, yana yin ƙulli tazara ɗaya, kowane ƙulli amino asid guda. Ya naɗe ta a jikin taɓarya, ya zare taɓaryar, abu ya tsaya da ƙafarsa har ƙirjin mutum. Sannan ya bi da jan zare yana ɗaure kowane ƙulli da na huɗu a gabansa. Kasuwa biyu bai fitar da igiya ba. Wani Bafulatani ya zo neman ta ɗaurin maruƙa, Ango ya ce masa ya dawo wata mai kamawa, aikin Birnin Kebbi yake yi. Malam na kan turmi duk tsawon makonnin nan, bakinsa bai huta ba. Waɗanda suka wuce ta nan sun ce ba su taɓa jin dariyarsa haka ba tun Mashkura na da rai.

Ran da aka gama, ya ɗaura abin a bayan keke ya tura shi da ƙafa har makaranta, don kada gargada ta taɓa shi. Da safe ya tsayar da shi kan tebur a ɗakin gwaje-gwaje, ya buɗe littafi a gefe, ya ja da baya don ya more kallo. Ya dubi hoton. Ya dubi aikin Ango. Ya sake duban hoton.

A hoton, silin da ke fuskantarka yana hawa ne daga hagu zuwa dama. A na Ango, daga dama yake hawa zuwa hagu.

Murɗin alfa dama yake bi. Wannan ita ce jimlar da Malam ya fi rubutawa a allo a rayuwarsa, yana ja mata layi biyu. Ya san sarai in an kifa murɗi kai ƙasa ba ya canza hannu, shi da kansa ya sha kayar da ɗalibai a kan haka. Duk da haka ya waiga ya ga ba kowa, ya kifa shi. Hagu. Ya kwantar da shi, ya zagaya ta ɗaya gefen teburin. Hagu. Ya ɗauko wani fasasshen madubi daga kabad ya kara, a cikin madubin ya ga abin da yake so, tsaf kamar a littafi. Sai dai ba a zuwa Birnin Kebbi a ce wa mutane su juya baya su kalli madubi.

Madam Yemisi ta same shi a haka. Ta zagaya abin, ta taɓa jan zaren, ta ce kai, tsohon nan ya iya. Da ya nuna mata matsalar sai da ta ɗan jima kafin ta gani.

"Malam, wa zai lura?"

"Na lura."

"To ka yi shiru mana. Kai da Allah."

Kwana uku ya yi yana gwada yin shirun. Yana zuwa rumfa, ya zauna kan turmi, ya yi maganar zafin bana da ruwan kogi da ya ja baya, shi da ba a taɓa jin ya kula da zafi ba. Ya san abin da ke kan faifai. In ya tafi da shi haka, ya tsaya gaban malamai ya nuna abin da ya yi shekara talatin yana cewa kuskure ne. In ya faɗa, to hannun hagun Ango zai taɓa, kuma duk faɗin Illo mutum ɗaya ne ke ce masa "ina?" da "mi ka riƙe shi?" A rana ta uku Ango ya gaji da labarin zafi.

"Malam, ka auna shi da na littahin? Ya yi daidai?"

Da bai tambaya ba, wataƙila da an wuce wurin. Malam ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

"Ƙullin daidai, Baba Ango. Zaren daidai. Ko a Sakkwato ban ga mai kyansa ba."

"Amma."

"Amma ya bi hagu. Na jiki dama yake bi."

"To juya shi mana, kai ƙasa."

"Na juya. Ko an juya hagu ne."

Tafin Ango ya tsaya a kan ƙwauri. "Duka dama? Na mutum, na saniya, na kazar?"

"Murɗin alfa dai, kusan duka."

"Mako ukku kana zaune nan kana zuba. Ido na gare ka, ko baki ɗai?"

"Laifina ne. Ni ya kamata in..."

"A'a, laihin hannu na. An daɗe ana hwaɗa min." Ya ci gaba da murza ramar, a hankali. "Ban dai san har cikin littahin Turawa an rubuta ba."

Haka ya yi ta murza har aka kira magariba. Washegari da Malam ya iso, ya tarar an tula jiƙaƙƙiyar rama a kan turmin. Ya yi sallama daga kan keke, aka amsa masa ba a ɗago ba. Ya ɗan tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa, sannan ya wuce kamar dama gangare za shi. Ba abin da yake da shi a gangare. Ya je ya kalli masu jiragen ruwa suna loda buhunan albasa za su ƙetare, ya dawo.

A kwanakin nan ne ya gano tsawon da ke tsakanin la'asar da magariba. Ya share ɗaki, ya sake sharewa. Ya wanke keke. Ya zauna gaban aikin Ango da ya maido gida ya tsayar a kusurwa, ya ƙirga ƙullin, ko zai sami wani kuskure na daban da zai raba laifin, bai samu ba. Ran Talata ya kira Hamdiyya.

"Baba, lafiya? Yau ba Juma'a ba ce."

"Lafiya lau. Na ce in ji ku."

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

Ta jira sauran. Da ta ji bai ce wake ba, bai ce komai ba, sai hankalinta ya tashi, ta ce ko ta zo. Ya ce a'a, zafi ne kawai.

Kullum yana bi ta gaban rumfar, ya yi sallama, a amsa, ya wuce. A rana ta takwas, ya riga ya ɗora ƙafa kan feda, ya ji an ce, "Sauko, Malam. Kekenka ya gaji da wucewa."

Ramar tana nan kan turmi. Ango ya nuna masa ƙasa, daidai gabansa. Akwai taɓarya biyu a ajiye, da waya biyu da aka riga aka lulluɓe, ƙulli da komai.

"Ni ba ni iya yi da dama, kuma ba ni koyo yanzu don littahi. Zamna nan, ka dube ni." Malam ya tattare riga ya zauna, gwiwa na kusan taɓa gwiwa. "Ɗana Ibrahim Khalil, wanda ka Malanbil, ƙetaren iyaka, na-dama na. Da niz zo koya mai, ya zamna gehena, wata biyu ba mu yi igiya ko taƙi guda ba, sai hwaɗa. Ran nan nic ce ya koma gabana. Hannun da nid ɗaga, ya ɗaga wanda ka dubansa. Yanzu tukkatai irin tawa ta sak, amma dama taka bi. Ɗauki taɓarya. Kar ka yi tunani, tunaninka shi ya kawo mu nan."

Malam ya buɗe baki zai ce ai wannan shi ne madubi, shi ne ainihin abin da... Ango ya ɗaga masa gira. Ya rufe.

Kwana huɗu suka yi fuska da fuska. Ango na naɗawa da hagu, Malam na binsa da dama. Hannun da bai san komai ba sai alli da jan biro ya sha magana.

"Ja mana! Mace kaka yi wa kitso?"

"Wayar ce ke da tauri."

"Wayar lahiyarta lau. Sake."

Ya sake, ya sake, tafinsa ya yi bororo ya fashe. Abin da ya fito a ƙarshe dama ya bi, ba shakka. Sai dai zagaye na uku ya fi na biyu faɗi, ya ɗan karkace kamar mai ciwon baya, jan zaren wani wurin ya yi ɗamau wani wurin yana lilo. Ango ya dube shi sama da ƙasa.

"Wanga shi na daidai?"

"Shi ne daidai."

"Allah mai iko," in ji Ango.

Da shi Malam ya tafi Birnin Kebbi, ya rungume shi a gaban mota kamar mara lafiya. Zauren cike yake da tebura: huhun roba, ƙashin bayan mutum na gwangwani, wani ƙaramin injin ban ruwa da ya jiƙa wa kowa takalmi. Ya tsaya bayan teburinsa tun hantsi da bayaninsa a shirye. Mutum na farko ya tambaye shi ko tarkon kifi ne. Wata malama daga Zagga ta ɗauki hoto da waya, ta ce sannu da ƙoƙari. Masu duba kaya su uku suka iso gab da azahar, yunwa a fuskarsu, babbansu ya ce, "Furotin ko? Madalla," ya yi maki a takarda, suka matsa wurin huhu. Ba wanda ya tambayi dama ko hagu. Aka ba shi takardar shaidar halarta, an rubuta sunansa ba daidai ba.

A tasha, yana jiran motar Bagudo da za ta kai shi gida ta cika, ya sayi shinkafa da miya, mai abincin ta ɗora masa ganda guda. Gandar ba ta dahu ba. Yana tauna, yana tauna, ransa a jagule, yana tunanin abin da ya sa fata ke da tauri haka. Sai cokali ya tsaya masa a hanya. Ya san dalilin. Yana cikin littafin, babi na gaba, ya koyar da shi sau talatin. Mako biyar yana kallon murɗin alfa har ya manta ba shi kaɗai ne murɗi a jiki ba. Mai abincin ta ga dattijo ya ƙura wa ganda ido yana motsa baki, ta ce in ƙashi ne ya kawo ta canza masa.

Washegari bayan la'asar ya gangara. An kwashe ramar daga kan turmi, amma ba a ce ya zauna ba, shi ma bai tambaya ba, ya zauna.

"Sun gani?" in ji Ango.

"Sun gani."

"Sun ce dama ta?"

"Ba wanda ya duba."

Ango ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Da ka tahi da nawa, aƙalla da an ce ya yi kyau." Ya murza, ya murza. Can ya ce, ba tare da ya dubi Malam ba, "Na ƙetare hwa, masu Faransanci? Su ma nasu dama?"

"Su ma."

"Har Makka?"

"Har Makka."

"To ni ɗai ke nan."

"A'a. Shi na zo faɗa maka." Malam ya matso da turmin. Ya kama fatar bayan hannunsa ya ja. "Wannan, da jijiya, da abin da ke riƙe ƙashi, wani furotin ne daban, kolajin. Ya fi kowane yawa a jikin mutum. Sili uku ne. Kowane sili hagu yake murɗewa, Baba Ango, hagu. Sannan a haɗa ukun a tukka su wuri guda kamar igiyar guga. Shi ya sa ganda ba ta taunuwa."

Ango ya tsaya da aiki. Ya dube shi sosai, karo na farko tun ranar da aka yi maganar.

"Sili ukku."

"Uku."

"Kowane hagu."

"Kowane."

"In an haɗa su hwa, ina suka bi?"

Malam ya saki fatar hannunsa. Ya so a ce ba a kai nan ba. "In an haɗa, dama."

"Haka ya kamata, in ba haka ba warwarewa za su yi. Wanga ko jaki ya sani." Ya koma ga ramarsa. "Amma ƙarya kaka yi. Lallashi na. Shekara huɗu kana zuba a nan ban taɓa jin kolanjin ba, sai yau da kaka neman wurin zama."

"Wallahi yana cikin littafi."

"Ban iya karatunku ba."

"Akwai hoto. Ba wanga littafin ba, wani babba, na jami'a. Hoton ya fi fitowa."

Ango ya tofa yawu a tafi. Wani mai jaki ya zo wucewa ya gaishe su, suka amsa tare. Sai da ƙarar kofaton ta ɓace sannan ya ce, "Kawo shi gobe. Ka zo da wuri, idona ba ya ganin hoto in rana ta yi sanyi. In nig ga sili ukku, to. In ban gani ba, ka nemi mai tabarma."

Da aka kira magariba Malam ya tura kekensa ya hau tudu. Babban littafin yana cikin ɗaya daga akwatunan da ke ƙarƙashin gado, waɗanda bai buɗe ba tun daminar da ɗakin ya yi yoyo. Yana tafe yana ƙoƙarin tuna wane akwati ne, yana roƙon Allah ya sa gara ba ta kai ga shafin ba.